Yadda Ake Shirya Gudun Tara Gudummawa Domin Ɗaliban da ke Tarbar 'Yan Gudun Hijira

Kalma ɗaya ce a Hausa take ɗauke da abubuwa biyu da suka yi hannun riga. Wanda ya ɗaura takalmi da sassafe ya fita motsa jiki gudu yake yi, wanda yaƙi ya raba da gidansa shi ma gudu ya yi. Na farko ya san inda zai tsaya, akwai kuma ruwa da tafi suna jiransa a can, na biyu kuwa bai zaɓi ranar tashi ba, bai kuma san inda tafiyar za ta kai shi ba. Duk wanda zai shirya gudun tara gudummawa domin ɗaliban da ke aikin sa kai wajen tarbar 'yan gudun hijira ya kamata ya riƙe wannan bambanci tun daga zaman farko, domin shi ne zai hana taron ya koma baje kolin wahalar wasu.

Aikin da irin waɗannan ɗalibai ke yi ba sabo ba ne. A Kanada ƙungiyar WUSC tana tafiyar da wani shiri tun 1978, wanda a cikinsa ɗaliban jami'a ke ɗaukar nauyin takwarorinsu 'yan gudun hijira, kuma a jami'o'i da dama kuɗin yana fitowa ne daga ɗan abin da kowane ɗalibi ke ƙarawa a kan kuɗin makarantarsa. A Birtaniya akwai ƙungiyar STAR ta ɗalibai masu taimaka wa 'yan gudun hijira, wadda ta faro daga Jami'ar Nottingham a 1994. A wurare da yawa kuma babu ofis babu rajista, ɗalibai ne goma ko ashirin da suka ɗora wa kansu koyar da harshe, da taya yara aikin makaranta, da rakiya zuwa asibiti. Suna da lokaci, suna da zuciyar aikin, amma aljihunsu na ɗalibi ne, kuma wannan giɓin ne gudun zai cike.

Mataki na farko: a san abin da kuɗin zai yi

Kafin a yi maganar hanya ko riguna ko rana, sai masu shirya gudun su zauna da ɗaliban su tambaye su yadda makonsu yake tafiya, da inda rashin kuɗi ke tsayar musu da aiki. Amsoshin ba su da armashi a jikin fosta, amma su ne gaskiyar lamarin. Wata ɗaliba za ta ce ta raka wata uwa da 'ya'yanta asibiti sau huɗu a wata guda, duk kuɗin motar daga jakarta, kuma a zuwa na uku haka suka dawo ba su ga likita ba saboda babu tafinta. Wani zai ce ajin yamma ya tsaya tun da aka karɓe ɗakin da aka ara musu, littattafai shida ne kuma mutum ashirin ke karɓa-karɓa. A rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, a yi wa kowanne kimar abin da zai ci a shekara: kuɗin mota, hayar ɗaki, littattafai, ladan tafinta, katin waya, da horon da dole ne duk mai aiki da yara da masu rauni ya samu. Jimillar da ta fito ita ce abin da gudun zai nema.

Wannan lissafi yana sauƙaƙa roƙon kansa. Mutum ya fi saurin buɗe hannu idan aka ce masa abin da ya bayar zai biya rakiyar iyali ɗaya zuwa asibiti har sau goma, fiye da a ce masa kawai ana taimakon 'yan gudun hijira. Sai dai a yi hattara da yadda za a rubuta manufar a takardun sanarwa, domin a ƙasashe da dama doka ta tilasta a kashe kuɗin da aka tara a kan abin da aka ambata lokacin tarawa. Idan aka ce na littattafai ne kaɗai, to ko da kuɗin ya wuce buƙata ba a da damar biyan tafinta da shi. Ya fi kyau a ambaci manyan buƙatun, sannan a ƙara da cewa rarar za ta tafi ga sauran ayyukan tarbar baƙin.

A nan ne kuma ya kamata kwamiti ya daidaita harshensa. Bisa Yarjejeniyar 1951 ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙarin da aka yi mata a 1967, ɗan gudun hijira shi ne wanda ke wajen ƙasarsa saboda fargaba mai tushe ta tsangwama a kan ƙabilarsa ko launin fatarsa, ko addininsa, ko ƙasarsa, ko rukunin da yake ciki, ko ra'ayinsa na siyasa. Mai neman mafaka shi ne wanda ya shigar da buƙata yana jiran hukunci, wanda ya rasa matsuguni a cikin ƙasarsa kuma matsayinsa daban ne a doka. A bakin yau da kullum duk suna ɗaya muke kiransu, amma a takardar da za a kai wa hukuma ko mai ɗaukar nauyi, a faɗi waɗanda ɗaliban ke yi wa aiki daidai.

Mataki na biyu: inda kuɗin zai kwana

Kada kuɗin gudummawa ya shiga asusun mutum ɗaya, ko da kuwa shi ne mafi riƙon amana a cikin kwamitin. Ba zargi ba ne, kariya ce gare shi daga bakin mutane. Idan ƙungiyar ɗaliban tana da rajista da asusu, shi ke nan. Idan ba ta da su, sai a nemi inuwar ƙungiyar ɗalibai ta makarantar ko wata ƙungiyar agaji mai rajista, a rubuta yarjejeniya da ita cewa za ta karɓi kuɗin, ta ware shi daban, ta kuma fitar da shi a kan abin da aka amince. Kowace fitar kuɗi ta kasance da sa hannun mutum biyu da rasit. A bincika kuma ko dokar wurin tana buƙatar izini na musamman kafin a karɓi gudummawa daga jama'a a titi.

Kwamitin kansa bai kamata ya yi yawa ba. Mutum biyar ko shida sun isa: jagoran tseren wanda maganarsa ce ta ƙarshe a ranar, ma'aji, mai kula da hanya da lafiya, mai kula da 'yan sa kai, da mai yaɗa labari. A ba wa wakilin ɗaliban kujera, a kuma gayyaci ɗaya ko biyu daga cikin 'yan gudun hijirar da suka zauna da gindinsu, ba don ado ba, sai don su ne za su fara gane abin da zai ɓata wa 'yan'uwansu rai. Amma kada a jibga wa ɗaliban nauyin shirin gaba ɗaya. Idan ajin yamma ya tsaya wata uku saboda malamansa suna neman izinin rufe titi, an yi tufka da warwara ke nan.

Mataki na uku: nisa da rana

Gudun fanfalaki na kilomita 42.195 yana da kwarjini, kuma gaskiya ne cewa na birnin Landan, wanda aka fara a 1981, ya tara wa ƙungiyoyin agaji fiye da fam biliyan 1. Amma wannan aiki ne na ma'aikata masu albashi da dubban mataimaka. Ga masu farawa, kilomita 5 ne ya dace. Mai gudu sosai zai gama cikin minti ashirin ko ƙasa da haka, mai tafiya da ƙafa zai kai kusan awa ɗaya, saboda haka an san cewa cikin awa ɗaya da rabi hanya ta koma hannun masu ita. Shirin parkrun na gudun jama'a mako-mako, wanda ya faro a Landan a 2004 kuma ya bazu zuwa ƙasashe da dama, a kan wannan nisan ya ginu, kuma ya nuna cewa tsoho da yaro da mai tura keken jariri duk suna iya shiga. A bayyana tun farko cewa tafiya da ƙafa halal ce, a kuma ƙara gudun kilomita 1 na yara idan akwai isassun masu kula.

Mutane da yawa za su so a sa ranar 20 ga Yuni, wato Ranar 'Yan Gudun Hijira ta Duniya da aka fara kiyayewa a 2001, kuma tana da amfani domin 'yan jarida suna neman labari a makon. Sai dai a ɗora ta a kan kalandar makaranta tukuna. Idan ta faɗo cikin jarrabawa ko bayan an tafi hutu, ko kuma lokacin tsananin zafi ko ruwan sama ne a wurin, gara a zaɓi wata rana. A kauce wa ranakun ibada da bukukuwan mahalarta, har da na baƙin da ake yi dominsu. A ba wa shirin wata huɗu zuwa shida, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma izinin hukuma shi ne abin da ya fi jan lokaci.

Mataki na huɗu: hanya

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce wadda ba ta taɓa titin mota: cikin harabar makaranta, ko wurin shaƙatawa, ko filin wasa. Zagaye biyu na kilomita biyu da rabi ya fi miƙaƙƙiyar hanya ɗaya rangwame, domin rabin masu tsaron hanya ake buƙata, teburin ruwa ɗaya zai yi aiki sau biyu, wurin tashi da wurin ƙarewa kuma wuri ɗaya ne. Matsalarsa ita ce masu sauri za su riski na baya a zagaye na biyu, don haka hanyar ta kasance mai faɗi, a kuma sanar da cewa masu tafiya su riƙe gefe ɗaya. Idan dole sai an bi titi, to sai an sami izini a rubuce daga hukumar da ke da titin da kuma 'yan sanda, a kuma sanar da mazauna da masu sana'ar da ke bakin hanyar makonni biyu kafin ranar.

Ido ya san kima, amma ba mudu ba ne, wayar hannu ma haka, domin tana yin kuskure a ƙarƙashin itatuwa da tsakanin dogayen gine-gine. Hanyar da hukumomin tsere suka amince da ita ita ce awo da keke wanda aka ɗaura wa ƙafarsa ta gaba na'urar ƙirga juyi, a bi mafi gajeren layin da mai gudu zai iya bi, sannan a ƙara mita ɗaya a kan kowace kilomita don kada hanyar ta gaza. Gudun agaji bai zama dole ya kai wannan matsayi ba, ƙafar awo ta masu safiyo ma ta wadatar, amma idan ba a auna da kyau ba, a rubuta cewa kimanin kilomita 5 ne. A filin wasa mai zagayen mita 400, zagaye goma sha biyu da rabi ne.

Bayan awo, sai kwamiti ya taka hanyar da ƙafa a irin ranar da irin sa'ar da za a yi gudun, riƙe da takarda. A rubuta kowane rami, kowace kwana, kowace mahaɗa, inda rana ke dukan fuska, inda hanya ta tsuke, inda keken guragu ba zai wuce ba, da ƙofar da motar asibiti za ta shigo. Wannan takarda ita ce za ta zama rahoton haɗurra da masu ba da izini da kamfanin inshora za su nema, kuma daga cikinta ne za a san yawan masu tsaron hanya.

Mataki na biyar: kasafi

Nan ne gudun agaji da yawa suke faɗuwa ba tare da kowa ya lura ba. An yi taro mai kyau, an yi hotuna, amma da aka cire kuɗin riguna da lambobin yabo da lasifika, abin da ya rage bai kai wahalar ba. A raba kashe-kashen gida biyu. Akwai waɗanda za a biya ko mutum goma ne suka zo, kamar izini, inshora, ma'aikatan lafiya da hayar banɗakuna, akwai kuma waɗanda ke ƙaruwa da yawan mutane, kamar lambar ƙirji, ruwa da kofuna. A yi lissafin a kan rabin mutanen da ake fata. Idan ana sa ran 400, a duba ko kasafin zai tsaya da 200, idan bai tsaya ba a rage kashewa tun yanzu.

A ra'ayina riga ita ce abu na farko da ya kamata a soke, sai idan wani ne zai biya ta dungurungum. Tana cin kuɗi, tana jawo rigimar girma da ƙanƙanta, ragowarta kuma takan ƙare a kwali. Takardar shaida da aka buga da kyau tana faranta ran yaro kamar lambar ƙarfe.

Kuɗi yana shigowa ta ƙofa uku. Ta farko kuɗin rajista, wanda ya kamata ya yi sauƙi ga ɗalibai. Ta biyu masu ɗaukar nauyi, kuma sau da yawa ya fi sauƙi kamfani ya ba da kaya ko hidima, kamar ruwa, rumfuna ko buga takardu, fiye da ya ba da tsabar kuɗi. Manufa ita ce masu ɗaukar nauyi su rufe duk kashe-kashen, ta yadda za a iya faɗa wa mahalarta da gaskiya cewa abin da suka biya kacokan zai tafi ga ɗaliban. Kafin a karɓi hannun kowa, a tambayi wakilan ɗaliban da na baƙin ko akwai dalilin da zai sa sunansa bai dace da fostar ba, kuma a kiyaye taron daga zama dandalin siyasa. Ƙofa ta uku ita ce ta fi kawo kuɗi: kowane mai gudu ya nemi 'yan'uwa da abokai su ɗauki nauyin gudunsa. Mutum ɗaya da ya tambayi mutum goma ya fi fosta ɗari. Idan za a yi amfani da shafin tara kuɗi na intanet, a karanta kason da yake cirewa da tsawon lokacin da yake riƙe kuɗi kafin ya saki.

Mataki na shida: lafiya

Ba a yin rowa a nan. A yi inshorar da ke rufe raunin mahalarta da na 'yan kallo da na 'yan sa kai, a kuma ɗauko ƙwararrun ma'aikatan agajin gaggawa, a sanar da asibiti mafi kusa. Abubuwa biyu ne ke kisa cikin mintuna. Na farko tsayawar zuciya: idan mutum ya faɗi, ba ya amsawa, numfashinsa kuma ba daidai ba, a kira agaji nan take, a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, a kawo na'urar farfaɗo da bugun zuciya. Ya kamata a sami wannan na'ura a wurin, kowane mai tsaron hanya kuma ya san inda take. Na biyu bugun zafi, inda zafin jiki ke haura digiri 40, mutum ya fara tangaɗi, ko sambatu, ko faɗa ba dalili. Maganinsa shi ne a sanyaya shi nan take, a tsoma shi cikin ruwan sanyi ko a yi ta kwarara masa ana fifita, tun kafin a ɗauke shi zuwa asibiti. Saboda haka a tanadi baho da ƙanƙara a rumfar lafiya, a kuma tashi da sassafe idan wurin mai zafi ne.

Kada kuma a matsa wa mutane su yi ta ɗurar ruwa, domin shan da ya wuce kima yana tsinka gishirin jini, shi ma yana da haɗari. Kowa ya sha gwargwadon ƙishinsa. A takardar rajista a nemi mai ciwon zuciya ko wata larura ya tuntuɓi likitansa, yara kuma iyayensu su sa hannu. A bayan kowace lambar ƙirji a bar wurin rubuta suna, da larura idan akwai, da lambar wanda za a kira. A ƙarshe, a rubuta tun kafin ranar wane yanayi ne zai sa a ɗage gudun, kamar tsawa ko zafin da ya wuce misali, da wanda ke da ikon yanke wannan hukunci, domin a safiyar ranar, da mutane ɗaruruwa a tsaye, babu mai son ya zama shi ne ya ce a watse.

Mataki na bakwai: yaɗa labari ba tare da zubar da mutuncin kowa ba

Za a sami mai ba da shawarar a sa hoton yaro mai kuka a fosta, ko a sa masu gudu su ɗauki ƙunshi a ka don su ɗanɗana abin da masu hijira suka sha. A ƙi wannan shawara. Wanda ya binne ɗansa a hanya bai kamata ya zo ya tarar ana kwaikwayon tafiyarsa ana dariya ba. Labarin da za a bayar shi ne na aikin: ajin yamma, rakiya, abokantaka. Idan ana son misali daga duniyar wasanni, akwai tawagar 'yan gudun hijira da ta fara shiga gasar Olamfik a Rio a 2016 da mutum goma, ƙarƙashin jagorancin shahararriyar 'yar tseren Kenya Tegla Loroupe, biyar daga cikinsu 'yan tsere ne 'yan asalin Sudan ta Kudu da suka fito daga sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma da ke Kenya. A gasar 2024 kuma Cindy Ngamba, haifaffiyar Kamaru, ta ciyo wa tawagar lambarta ta farko, ta tagulla, a damben zamani.

Maganar hoto ta wuce maganar kunya. Fuska ɗaya a Facebook tana iya jefa dangin mutum da ke can gida cikin haɗari, ko ta nuna wa wanda ya gudo dominsa inda yake. Ba a ɗaukar hoton kowa daga cikin baƙin, ba a kuma ambatar sunansa ko ƙasarsa, sai da yardarsa bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji. Dabara mai sauƙi ita ce a tanadi wani ɗan tambari mai launi da duk wanda ba ya son hoto zai manna a lambarsa, ko baƙo ne ko ɗan gari, a kuma sanar da masu ɗaukar hoto. A ba wa baƙin gurbin gudu kyauta da kuɗin mota, ba tare da wata riga ko layi na daban da zai ware su ba. Wanda ya so yin jawabi ya yi, amma ba sharaɗi ba ne.

Ranar gudun

Kwamiti ya iso awa uku kafin tashi. A kafa alamomin hanya da safiyar, ba daren jiya ba, domin iska da masu wucewa sukan juya kibiya. Awa ɗaya kafin tashi a tara masu tsaron hanya, a ba kowa riga mai ƙyalli, da taswira mai alamar wurinsa, da lambar wayar jagora da ta rumfar lafiya, a kuma gaya masa kada ya bar wurinsa sai mai sharar baya, wato wanda ke takawa a bayan mutum na ƙarshe, ya wuce. Na taɓa tsayawa a wani gudu inda saurayin da aka ajiye a wata mahaɗa ya ga shiru, ya ce bari ya je ya dawo. Kafin ya dawo mutum bakwai na gaba sun miƙe maimakon su karya hagu, sai da aka bi su da keke. Wanda ya zo na takwas shi ne ya fara tsallake layi, kuma har aka watse ana gardamar wanda ya ci. Tun daga ranar nake sa mutum biyu a kowace mahaɗa mai ruɗani.

A teburin rajista a raba layi bisa harafin farko na suna, a ajiye fil huɗu-huɗu a kan kowace lamba tun dare, a ware tebur guda na masu rajistar ranar, da akwatin kuɗi a hannun mutum biyu. A teburin ruwa a cika kofuna rabi-rabi, domin cikakken kofi a ƙirjin mai gudu yake ƙarewa, mai miƙawa kuma ya ɗora kofin a tafin hannunsa ya miƙa hannun gaba don a zara a wuce. Jawabai kada su wuce minti biyar, mutanen da suka ɗumama jiki ba sa son tsayuwa. A jera masu sauri a gaba, masu tafiya da masu kekunan jarirai a baya. Wani ya ja gaba a kan keke, wani kuma ya taka a bayan mutum na ƙarshe. A layin ƙarewa, mutum ɗaya yana danna agogo, na biyu yana rubuta lambobi bi da bi, kuma ba a naɗe komai sai na ƙarshe ya shigo ya tarar da masu yi masa tafi.

Bayan an watse

A share wurin ya fi yadda aka same shi, domin izinin baɗi a kan wannan ya rataya. Mutum biyu su ƙirga tsabar kuɗin a wurin, su sa hannu, a kai banki a ranar aiki ta farko. Cikin mako guda a aika godiya ga mahalarta da masu ɗaukar nauyi da 'yan sa kai da maƙwabtan hanya. Cikin wata guda a fitar da lissafi a shafi ɗaya wanda kowa zai iya karantawa: abin da ya shigo ta kowace ƙofa, abin da aka kashe, da abin da aka miƙa. Idan bai kai abin da aka nema ba, a faɗi haka, a kuma bayyana waɗanne buƙatu ne za a fara biya.

Ya fi kyau a riƙa sakin kuɗin ga ɗaliban kashi-kashi, zango bayan zango, a kuma sauƙaƙa musu hanyar karɓar abin da suka kashe, domin ɗalibin da zai jira wata biyu kafin a mayar masa da kuɗin mota zai daina rakiya. Bayan wata shida a sake aika wa masu gudun gajeren rahoto na darussan da aka yi da rakiyar da aka biya, ba tare da sunan kowa ba.

Ɗalibai suna gama karatu su tafi, kuma cikin shekara biyu ko uku ba za a sami ko ɗaya daga cikin waɗanda suka yi wannan gudu ba. Saboda haka, kafin a manta, kwamiti ya zauna sau ɗaya ya tattara taswirar hanya, takardun izini, rahoton haɗurra, kasafin da aka yi da wanda aka kashe a zahiri, yawan ruwan da ya rage, da mahaɗar da ta ba da matsala, a sa su a fayil ɗaya, a damƙa kwafi ga ƙungiyar ɗaliban da kuma ƙungiyar da ke riƙe da asusun.